Isa ƙololuwa rabin tafiya ne: Daga fataken Gwanja da suka ratsa Yawuri zuwa masu hawan Kilimanjaro

A 'yan shekarun nan ba abin mamaki ba ne ma'aikaci a Abuja ko ɗan kasuwa a Kano ya ɗauki hutu, ya yanki tikitin jirgi zuwa Tanzaniya, ya goya jaka a baya, ya shafe mako guda yana hawan Dutsen Kilimanjaro. Idan ya dawo, abin da yake nuna wa abokai shi ne hoton da aka ɗauke shi a ƙololuwa, ya duƙunƙune cikin rigunan sanyi, riƙe da tutar Najeriya, a gaban allon da ke shaida cewa yana tsaye a tsayin mita 5,895 daga saman teku, inda babu wani wuri da ya fi shi bisa a duk nahiyar Afirka. Sai dai hukumar da ke kula da gandun dutsen ba ta miƙa wa kowa takardar shaida a can sama. A ƙasa ake bayar da ita, a ƙofar fita, bayan mutum ya sauko ya sa hannu a littafin rajista.

Wannan tsari bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushe ba. Kakanninmu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna doguwar tafiyar ƙasa zuwa ƙasashen da ba nasu ba, da kaya a kai da bayan jakuna, suna ƙetare koguna da tsaunuka, kuma a wurinsu ba a lissafin riba a kasuwar da aka je. Sai an sauke kaya a gida. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsu ta bi ta ƙasar Yawuri ne, wato yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi, inda ruwan Tafkin Kainji ya shimfiɗu yanzu. Wanda ya fahimci yadda fatake ke ƙarasa tafiyarsu zai fi gane abin da ke jiran mai hawan dutse bayan an ɗauki hoton nan.

Hanyar goro

Gwanja ƙasa ce a arewacin Ghana ta yau, kuma babbar kasuwarta a ƙarni na 19 ita ce Salaga. Goro ba ya fitowa a Salaga. Daga kurmin ƙasar Asante da ke kudu ake kawo shi, fataken Hausa su tarbe shi a nan. Alaƙar ta daɗe ƙwarai: littafin Tarihin Kano ya danganta buɗe hanyar Gwanja da zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Tsakanin Kano da Salaga akwai fiye da kilomita 1,000 ko da a miƙe aka auna, balle a ƙafa, inda hanya ke karkacewa don neman ruwa da kauce wa maƙiya. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda cur.

Babban shingen da ke tsakiyar hanyar shi ne Kogin Kwara. Dole a ƙetare shi, kuma ba ko'ina ake iya ƙetarewa da ɗaruruwan jakuna ba. A nan ne darajar Yawuri take. Kogin a wannan yanki cike yake da gungu-gungu, wato tsibirai, mazaunansu Gungawa kuma gwanayen kwale-kwale ne. Sarkin Yawuri da ke zaune a Birnin Yawuri yana da iko da mashigai, yana karɓar kuɗin fito da gaisuwa daga kowane ayari. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan asalin Ngaski kuma tsohon Shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi bincike mai zurfi a kan tarihin Yawuri, littafinsa na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma kuma har yau ana komawa gare shi idan ana maganar waɗannan hanyoyi. Haka shi ma masanin tarihi Paul Lovejoy ya wallafa littafi sukutum a 1980 a kan ayarin goro.

Da zarar an ƙetare Kwara an shiga ƙasar Borgu, an bar gida ke nan. Harshe ya sauya, sarauta ta sauya, kuma Borgu ta yi ƙaurin suna wajen tare ayari. Hanya kan bi ta Nikki da Jugu a cikin Jamhuriyar Benin ta yanzu, sannan ta fuskanci jerin tsaunukan Atakora, waɗanda suka taso daga arewa maso yammacin Benin suka gangara cikin Togo. Ba dogayen duwatsu ba ne idan aka gwada su da Kilimanjaro, don mafi tsawonsu a ɓangaren Benin bai kai mita 700 ba. Amma ga jakin da aka labta wa kanwa, da ɗan dakon da ya riga ya yi makonni yana tafiya, hawa mai tsakuwa da ƙunƙuntar hanya tsakanin duwatsu abin fargaba ne, musamman da yake irin wuraren nan ne 'yan fashi suka fi son yin kwanto. Bayan tsaunukan sai a faɗa Sansanin Mango ko a yanke ta kudu, a bi ta Yendi, a isa Salaga.

Ba mutum ɗaya ke yin wannan tafiya ba. A shekarar 1826 Baturen nan Hugh Clapperton, wanda daga baya ya rasu a Sakkwato, ya ci karo da wani ayarin Hausawa a Kayama cikin ƙasar Borgu, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta su fiye da mutum 1,000 maza da mata, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Taro irin wannan gari ne mai tafiya, kuma yana da hukuma. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke magana da sarakuna, shi ke yanke hukunci idan an yi rigima. Jagaba shi ne masanin hanya da ke gaba, kalmar da har yau take raye a sarautar Jagaban Borgu da Shugaba Bola Tinubu ke riƙe da ita. Uban dawaki na kula da tara kuɗin da za a biya a mashigai da garuruwa. Akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. Ana tashi da asuba, a yada zango kafin rana ta gasa mutane da dabbobi. Daga wannan kalma ta zango ne unguwannin baƙi Musulmi a Kumasi da Akara da sauran biranen Ghana suka samo sunan da ake kiransu da shi har gobe.

Kayan da ake tafiya da su sun haɗa da kanwa, da riguna da turkuɗi, da kayan fata, da kwalli, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Gaskiyar tarihi kuma ita ce har da bayi, waɗanda ke ɗaukar kaya a hanya, wasunsu a sayar da su a can. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci.

Dawowa ta fi zuwa wuya

Abin lura a jerin kayan nan shi ne kusan babu mai lalacewa a cikinsu. Kanwa ba ta ruɓewa, turkuɗi ba ya tsutsa. Mai zuwa Gwanja yana iya yin jinkirin mako biyu a wani zango bai yi asarar komai ba sai guzuri. Mai dawowa kuwa ɗauke yake da abu mai rai. Goro yana son danshi amma ba ya son ruwa ya yi masa yawa, yana ƙin zafin rana, yana ƙin iskar hunturu. Ana jera shi cikin ganyen fita a ɗaure shi huhu-huhu, a riƙa yayyafa masa ruwa, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance an bi shi ɗaya bayan ɗaya an tsince wanda sankara ta kama, don idan aka bar guda ɗaya sai ya ɓata sauran. Wato a daidai lokacin da jiki ya gaji, ƙafa ta yi faso, jakuna suka rame, a lokacin ne aiki ya ninku.

Haɗari ma ya ninku. Ɗan fashi ya san ayarin da ya nufi yamma yana ɗauke da kanwa mai nauyi da wuyar ɓoyewa, wanda ya nufo gabas kuwa yana ɗauke da goron da kowace kasuwa za ta karɓa hannu bibbiyu. Sarakunan hanya su ma sun san falke mai goro ba shi da ƙarfin yin ciniki a kan kuɗin wucewa, domin kowace rana da aka tsare shi a bakin gari, dukiyarsa ce ke raguwa. Ga kuma damina da ke tafe. Madugun da ya makara a Salaga, yana jiran farashi ya faɗi ko yana jiran a cika masa kaya, zai tarar da rafukan da ya taka da ƙafa a zuwa sun cika sun batse.

Saboda haka hikimar madugu ba ta tsaya ga sanin hanyar zuwa ba. Tana cikin sanin ranar juyowa, da rage wani abu daga cikin kyautar da zai yi wa sarakuna don ya samu na bayarwa a dawowa, da barin ƙarfi a jikin dabbobi. A ganina wannan ne ya bambanta madugu da mai kuɗi kawai. Mai kuɗi zai iya sayen jakuna ɗari. Amma fatake ba sa bin mutum don yawan jakunansa, suna binsa ne don an sha ganin ya tafi da mutane ya dawo da su.

Ko da aka iso bakin Kwara aka hango tudun Yawuri a ƙetare, tafiya ba ta ƙare ba. Sai an yi ta jigilar huhunan goro a kwale-kwale, a ja dabbobi cikin ruwa, a biya fito. Jirgi ɗaya ya kife, wahalar wata shida ta bi ruwa. Bayan an haye kuma akwai sauran makonni kafin Kano ko Katsina. A ƙarni na 19 ita kanta ƙasar Yawuri ta sha fama da rikicin sarauta na cikin gida, daga baya ga hare-haren Nagwamatse daga Kwantagora, abin da ya sa ayari da yawa suka gwammace hanyar arewa ta Jega da Illo.

Baƙon da ya rabu da jagoransa a Yawuri

Tarihin Yawuri ya ajiye wani misali na matafiyin da ya kusa ƙarasawa bai ƙarasa ba. Mungo Park, likita ɗan ƙasar Sukotlan, ya baro gaɓar Gambiya a 1805 da Turawa kusan 40 da nufin bin Kwara har inda ya ƙare. Tafiyar ƙasa cikin damina ta cinye mafi yawansu da zazzaɓi da atuni. Lokacin da ya shiga jirgi a Sansanding, cikin Mali ta yau, a watan Nuwamban shekarar, Turawa biyar kacal suka rage har da shi. Duk da haka ya gangaro fiye da kilomita 1,500 a kan ruwa har ya iso Yawuri a farkon 1806.

A nan ne jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya sauka, domin yarjejeniyarsu ta ƙare ne a iyakar ƙasar Hausa. Bisa labarin da Amadin ya bayar bayan shekaru, an samu tangarɗa a kan kyautar da ya kamata ta isa ga sarki. Park ya ci gaba ba tare da mai jin harshen mutanen gaɓa ba. Bai yi nisa ba jirginsa ya maƙale a duwatsun ruwa na Busa, aka yi arangama da mutanen da ke gaɓa, ya mutu a cikin kogin tare da sauran Turawan da suka rage. Mutumin da ya tsallake dubban kilomitoci ya halaka a ɗan taƙin da ke tsakanin Yawuri da Busa, kuma abubuwa biyun da suka rasa masa su ne waɗanda kowane madugu ya sani: mai nuna hanya, da haƙƙin masu ƙasa.

Shekara 24 bayan haka, a 1830, 'yan uwa biyu Richard da John Lander suka zo Yawuri neman takardun Park. Sun zauna fiye da wata guda ba su samu abin da suke nema ba, amma suka bi a hankali, suka nemi izinin sarakunan Busa da Wawa, suka samu kwale-kwale, kuma a watan Nuwamban shekarar suka fita teku. Su ne suka tabbatar wa Turai inda Kwara ke zuba ruwansa.

Abin da ke faruwa a kan dutse

Mu koma Kilimanjaro. Duk wanda ya san tsarin ayari zai gane abin da ya tarar a can. Doka ba ta yarda baƙo ya hau shi kaɗai ba, sai da jagora mai lasisi. Akwai 'yan dako, akwai mai dafa abinci, akwai zanguna sanannu da ake kwana. Hanyar Marangu kan ɗauki kwana biyar ko shida kuma ana kwana ne a ɗakunan katako. Hanyar Machame kwana shida ko bakwai ce, ta Lemosho bakwai ko takwas, duka a tanti. Kalmar da baƙo zai fi ji daga bakin jagorori ita ce “pole pole”, wato sannu-sannu da harshen Suwahili.

Dalilin sannu-sannun ba lalaci ba ne. Yayin da mutum ke yin sama, nauyin iska na raguwa, har ya zamana a ƙololuwa kowane numfashi na shigar da kusan rabin iskar oksijin da yake shigarwa a bakin teku. Mutumin Yelwa, da ke zaune a gaɓar tafkin da tsayinsa daga teku bai kai mita 150 ba, jikinsa bai taɓa sanin haka ba. Ko dutse mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mita 2,419 ne, bai kai rabin Kilimanjaro ba. Jiki na iya sabawa, amma yana bukatar kwanaki. Shawarar likitocin wannan fanni ita ce idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutun yini guda duk bayan kwana uku ko huɗu. Gajerun hanyoyin Kilimanjaro suna karya wannan ƙa'ida. Shi ya sa mai neman rangwame da ya zaɓi kwana biyar don ya rage kuɗi yakan zama shi ne ya fi kusa da juyowa ba tare da ya kai ba.

Alamomin farko su ne ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci da ƙin abinci. Idan mutum ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali yana zaune, ko yana tari mai kumfa, to ruwa ne ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko a ƙirji, kuma maganinsa na gaskiya ɗaya ne: a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan. Sau da yawa matasa masu motsa jiki ne ke faɗawa, don su ne ke gaggawa kuma su ne ke jin kunyar cewa ba su da lafiya.

Akwai wani batu da ya shafe mu fiye da Turawan da suka rubuta yawancin littattafan hawan dutse. Mai cutar sikila bai kamata ya kusanci irin wannan tsayi ba. Wanda jininsa AS ne, wanda yake zaune lafiya bai taɓa jin komai ba, shi ma an sha samun irinsa da toshewar jini a saifa idan ya hau wuri mai bisa ƙwarai, abin da ke zuwa da matsanancin ciwo a hagun ciki. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da wannan jini, sanin rukunin jininka da zama da likita kafin biyan kuɗin tafiya ya fi sayen takalmi mai tsada muhimmanci. Haka mai hawan jini da mai ciwon suga, waɗanda ba su da ƙaranci a cikin masu halin yin irin wannan balaguro.

Daren hawa ƙololuwa shi ne inda lissafin mutane da yawa ke kuskurewa. A hanyar Machame ana tashi ne daga zangon Barafu, mai tsayin kusan mita 4,670, wajen ƙarfe goma sha biyun dare, cikin sanyin da ke daskarar da ruwan gora. Ana hawan kimanin mita 1,200 cikin sa'a shida zuwa takwas, a isa bakin ramin dutsen da hantsi ko kafin haka, a ƙarasa ƙololuwar Uhuru. Ba a barin mutum ya daɗe a can. Mintoci kaɗan, a ɗauki hoto, sai jagora ya ce a juya. Daga nan ne za a gangaro har zangon Mweka da ke wajen mita 3,100, wato saukar kusan mita 2,800 a yini guda, a kan tsakuwa mai zamewa, da ƙafafun da ba su huta ba tun daren jiya. Jimillar tafiyar wannan rana kan kai sa'a 12 zuwa 15.

Sauka tana cin jiki ta wata fuska dabam. A hawa zuciya da numfashi ke wahala, a gangara kuwa gwiwa da cinya ne ke tare nauyin mutum da na jakarsa a kowane taku, yatsun ƙafa na dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi. Mafi muni, hankali ya riga ya saki. Mutum ya gaya wa kansa ya gama, ya daina shan ruwa, ya daina duba inda yake taka ƙafa. Wani bincike da mujallar likitocin Birtaniya ta wallafa a 2008 a kan mace-macen Dutsen Everest ya gano cewa cikin mutum 94 da suka mutu bayan sun haura mita 8,000, guda 53 sun mutu ne a hanyar saukowa daga ƙololuwa. Kilimanjaro bai kai Everest haɗari ba ko kusa, amma dalilin iri ɗaya ne: an ƙarar da ƙarfin da ya kamata a rage na dawowa. Ƙwararrun masu hawa kan tsayar da lokacin juyawa tun kafin su tashi, idan lokacin ya cika su juya ko da suna hango allon. Wannan shi ne abin da madugu ke yi a Salaga idan ya ga hadari ya fara haɗuwa.

Rana ta ƙarshe ana ratsa kurmi mai laka da santsi na sa'a uku ko huɗu kafin ƙofar Mweka. A nan ake karɓar takardar, kuma a wannan rana ake sallamar ma'aikata. Wannan ma wani ɓangare ne na ƙarasa tafiya da bai kamata a yi wasa da shi ba. Kowane baƙo ɗaya yakan samu 'yan dako uku ko huɗu a bayansa, ƙa'ida ta ce kada kayan baƙo da ɗan dako zai ɗauka su wuce kilo 20, kuma su ne ke riga kowa isa zango su kafa tanti su ɗebo ruwa. Albashinsu kaɗan ne, sun dogara ƙwarai da tukuicin da ake ba su a ƙarshe. Wanda ya kashe duk kuɗinsa a Moshi ko Arusha kafin hawa, ya zo ƙofar fita yana sosa ƙeya, ya ci haƙƙin mutanen da suka kai shi inda ya ɗauki hoton. Ya fi kyau a ware kuɗin tun farko, a kuma miƙa wa kowa nasa hannu da hannu a gaban jama'a.

Inda hanyar ta kwana

Hanyar Gwanja ba ta mutu rana ɗaya ba. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye. Yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa garuruwa irin su Kete Karachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya yi suna a can. Sai jiragen ruwa suka fara ɗaukar goro daga gaɓar Ghana zuwa Legas, layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya manoman ƙasar Yarabawa suka rungumi noman goron da kansu. Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawa daga Bebeji wanda mahaifinsa madugu ne, yana cikin waɗanda suka fara gane cewa teku ta fi jaki sauri, ya riƙa turo goronsa ta Legas. Daga zuriyarsa ne Aliko Ɗangote ya fito ta wajen uwa.

Su kuwa mashigan da ayari ke bi, yawancinsu suna ƙarƙashin ruwa. An fara gina madatsar Kainji a 1964 aka kammala a 1968, tafkin da ya taru ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga gidajensu. Gungun da Gungawa ke noman albasa a kai da yawa sun nutse, aka sake musu matsuguni a tudu. Tsohuwar Busa ta nutse tare da duwatsun da suka tare jirgin Park. Ƙwarewar kwale-kwalen tana nan, ana baje ta a bikin Rigata da Masarautar Yawuri ke shiryawa, amma ƙetare ruwan bai daina cin rai ba. A watan Mayun 2021 wani jirgi maƙare da fasinjoji da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya nufi Wara, hedikwatar Ngaski, ya kife a hanya, gomman mutane suka rasu, da yawansu masu neman abinci ne da ke kan hanyar kasuwa.

A wasu ƙasashe irin wannan tsohuwar hanya ce ake gyarawa ta zama abin yawon buɗe ido, kamar yadda dubban mutane ke taka tsohuwar hanyar masu ziyara zuwa Santiyago a Sifen duk shekara, suna kwana a zanguna ana buga musu hatimi. Mai son ya taka sawun fatake daga Yelwa zuwa Salaga a yau zai fara ne daga yankin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. Zai ratsa dazukan Borgu da jami'an tsaro ke gargaɗi a kansu. Idan ya kai gindin Atakora kuma, yana kusa da gandun dajin Penjari, inda aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a watan Mayun 2019. Sojoji sun ceto Faransawan bayan kwanaki a cikin Burkina Faso. Jagoransu, ɗan ƙasar Benin, gawarsa aka tsinta a cikin dajin.